Zaɓen objektif mai zum na kyamarar fim: abin dubawa kafin a ce "na saya"

Kyamarar fim irin mai madubi a ciki, wadda ake cire mata ido a sa wani, ba ta ƙare a gidajenmu ba. Wata tana kwance cikin akwatin tsohon mai hoto a Garwa, wata ta zo cikin kayan gwanjo daga Duwala, wata kuma gado ce. Abin da aka fi samu shi ne jikin yana da rai amma idon ya lalace ko ya ɓace. Wannan idon shi ne masu hoto a Kamaru da Chadi ke kira objektif, mutanen Kano kuma su ce lens. Wanda aljihunsa bai kai ya tara uku ko huɗu ba, guda ɗaya mai zum zai nema: wanda zai ɗauki taron suna a tsakar gida, ya kuma jawo fuskar mutum ɗaya kusa, ba tare da an kwance komai ba.

Hoto ɗaya a fim ɗin milimita 35 yana da faɗin milimita 36 da tsawon 24. A wannan girman, objektif na milimita 50 shi ne tsaka-tsaki. Wanda bai kai 50 ba yana buɗe wuri, wanda ya wuce yana jawowa. Zum na yau da kullum shi ne wanda ya ratsa ta kan 50: 35-70, 28-70, 28-80, 28-105, 35-105. An ƙera irinsu da yawa tun daga shekarun 1980 har farkon 2000, domin su ake haɗawa da kyamara a sayar, shi ya sa suke da araha yanzu.

Baki kafin komai

Kowane kamfani da irin bakinsa, wato wurin da objektif ke kama jikin kyamara. In baki bai dace ba, sauran magana ɓata lokaci ne, komai kyan gilashin. Kuma ganin suna ɗaya a jikin kyamara da jikin objektif bai isa hujja ba.

Canon na da baki biyu da ba sa ga maciji. Na farko FD ne, tun 1971, shi ne na AE-1, A-1, FTb da T70. Na biyu EF ne, wanda ya zo da kyamarorin EOS a 1987. FD ba ya shiga EOS, EF ba ya shiga AE-1. Ka juya bayansa: in ka ga jerin ƙananan ɗigo masu ruwan zinare, EF ne, in ka ga sandunan ƙarfe suna leƙowa, FD ne. Akwai kuma EF-S, mai farin ɗigo mai kusurwa huɗu, wanda aka yi don kyamarar dijital mai ƙaramin sansa, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim. Wannan ba ya hawa EOS ta fim, kuma shi ya cika kasuwa yanzu, musamman 18-55.

Minolta ma haka. MC da MD na kyamarorin hannu ne irin su SR-T, X-300 da X-700. Daga 1985 aka koma bakin A na kyamarori masu saita kaifin hoto da kansu, wato Dynax ko Maxxum. Ba sa shiga juna.

Nikon ne ya fi rikita mutum, don bakinsa na F tun 1959 bai canza siffa ba. Kusan kowane objektif zai shiga, amma shiga daban, aiki daban. Wanda lambarsa ta ƙare da harafin G ba shi da zoben ƙofar haske, wato zoben da ke buɗe ko tsuke ramin da haske ke shiga. In ka ɗaura shi a FM2, FE ko FM10, ƙofar za ta tsaya a mafi ƙanƙanta, ba yadda za ka buɗe ta. Mai rubutun DX na ƙaramin sansa ne, zai bar maka baƙin duhu a kusurwoyi huɗu na hoto. Tsofaffi na kafin 1977, wato kafin tsarin da Nikon ke kira AI, suna iya lanƙwasa ɗan kunnen da ke gefen bakin FM2 in aka tilasta su. A ɗaya ɓangaren, F55, F65 da F80 ba sa auna haske da objektif na hannu. Wanda ya fi zama lafiya da kowa shi ne AF ko AF-D mai zoben ƙofa: yana aiki a tsofaffin kyamarori da hannu, yana aiki a sababbin da kansa. A sababbin sai ka murɗa zoben zuwa lamba mafi girma, yawanci 22, ka kulle. In ba haka ba kyamara za ta yi ta ƙyafta FEE ta ƙi ɗauka. Mutane da yawa sun mayar da objektif mai lafiya saboda wannan kawai.

Pentax ya koma bakin K a 1975, kuma Ricoh, Chinon da Cosina sun yi amfani da shi. Mai K1000, MX ko ME Super ya nemi mai zoben ƙofa, ya guji DA da FA J. Mai ƙananan jerin MZ, kamar MZ-30 da MZ-50, ya nemi wanda zobensa ke da harafin A. Hattara da na Ricoh masu alamar P, da na wasu kamfanoni masu rubutun PK-A/R: suna da ɗan fil a baya da ke faɗawa ramin sukurun saiti na kyamarar Pentax mai saita kanta, objektif ya maƙale ya ƙi fita.

Olympus bakin OM ne, Yashica FX-3 da Contax bakin C/Y. Spotmatic da yawancin Zenit da Praktica kuwa na murɗawa ne kamar murfin kwalba, M42. Mai Zenit da objektif ɗinsa Helios mai milimita 58 a jiki, shawara ita ce ya riƙe abinsa. Yawancin zum da ake samu a bakin M42 tsofaffi ne masu nauyi da ba su kai shi kaifi ba.

Sigma, Tamron, Tokina, Vivitar da Soligor suna ƙera objektif ɗaya da baki iri-iri. Ka duba ƙarfen baya ko gefensa, za ka ga N/AI, C/FD, PK, M/MD, O/OM ko C/Y. Sigma mai DC, Tamron mai Di II da Tokina mai DX duk na ƙaramin sansa ne. Gajeriyar hanyar gane su: duk zum da ya fara daga 17 ko 18 ya kai 50 ko 55, ka ɗauka ba na fim ba ne.

Mai kaya zai iya ce maka, "Ai akwai adafta, Malam." Akwai, amma ba kowane ke da amfani ba. Na M42 zuwa Pentax K zoben ƙarfe ne kawai, yana aiki, sai dai da hannu za ka riƙa rufe ƙofa. Na FD zuwa EOS, ko na wani baki zuwa Nikon, sai an sa masa gilashi a ciki kafin ya ga nesa, kuma wannan gilashin yana cin kaifin hoto. Kuɗin da za ka kashe a kansa ka ƙara ka sayi mai bakin da ya dace. Don haka ka tafi kasuwa da kyamararka a jaka, da batir mai rai a ciki. LR44 ana samu wurin masu agogo, amma 2CR5, CR123A da CR2 sai an nema, kar ka yi zaton mai kaya zai ba ka.

Daga 28 ko daga 35?

Bambancin milimita bakwai a ƙasa ya fi bambancin talatin a sama tasiri. Lissafin mai sauƙi ne: ka ninka nisanka da 36, ka raba da lambar objektif, ka sami faɗin wurin da zai shiga. In kana tsaye mita 4 daga mutane, 50 zai ɗauki kusan mita 2.9, 35 zai ɗauki 4.1, 28 zai ɗauki 5.1. Wato mutum biyar ko shida, ko takwas, ko goma a jere, in ba manyan riguna suka sa ba (babbar riga mai sitaci ita kaɗai wurin mutum ɗaya da rabi take ci). A zaure ko ƙaramin falo inda bango ke bayanka, 28 ne zai fisshe ka. A fili, inda za ka iya ja da baya taku biyu, 35 ya isa.

Amma 28 na da halinsa. Mutanen da ke gefe suna faɗaɗa, kawunansu su miƙe zuwa kusurwa, kuma a zum mai araha layin bango ko ƙofa yana kumbura kamar cikin ganga. Kar ka sa amarya ko mai gida a bakin gefe. Kar kuma ka matsa kusa da fuska da shi, hanci zai yi girma kunnuwa su ɓuya. Hoton fuska ana ɗaukarsa daga 70 zuwa 105, kana tsaye mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ka'idar da ba ta cika ba da kunya ba: zum da bai wuce ninki biyu zuwa huɗu ba. 35-70 ninki biyu ne, shi ya sa ko na araha yake da kaifi. 28-105 bai kai huɗu ba, shi ne iyaka. Su 28-200 da 28-300 kyan ɗan maciji ne. Suna da duhu a can ƙarshe, gefen hotonsu yana laushi, kuma na farko-farkon ba sa saita abin da ke kusa. Tamron 28-200 na 1992 sai abu ya kai mita 2.1. Ko a ranar hawan sallah a ƙofar Lamiɗo, inda mutum ke son jawo mahaya, 200 a hannu ba tare da ƙafa uku ba girgiza yake kawowa. Ka duba nisa mafi kusa da ake iya saitawa a kowane zum, yana rubuce a zoben saiti. Tsofaffin 35-105 da yawa sai mita ɗaya da rabi, wanda a cikin ɗaki takura ne. Rubutun macro a jikinsu kar ya ruɗe ka, sau da yawa a gefe ɗaya na zum kawai yake aiki.

Lambobin haske

A gaban objektif za ka ga 1:3.5-4.5 ko 1:4-5.6. Wannan shi ne iyakar buɗewar ƙofa, lambar farko a faɗi, ta biyu in an jawo. Ƙaramar lamba, haske mai yawa. Matakan su ne 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kuma kowane mataki rabin hasken na gabansa ne.

Da rana a ƙasarmu wannan ba abin damuwa ba ne. Da fim mai lamba 200 (lambar da ke nuna yadda fim ke jin haske) a tsakar ranar Marwa ko Injamena, f/16 da 1/250 ko f/11 da 1/500 kake aiki, wato lambar ƙofa da saurin ɗauka a kason daƙiƙa. Da fim 400 a kyamarar da saurinta ya tsaya a 1/1000, kamar K1000, ba ma za ka iya buɗewa ƙasa da f/11 ba. A f/8 da f/11 kuwa zum mai araha da mai tsada kusan kansu ɗaya, sai wanda ya ƙura ido. Mai ɗaukar hoton waje kaɗai bai da dalilin biyan kuɗin f/2.8.

Da an shiga inuwar ɗaki ko an yi magariba, labari ya canza. Inda objektif na 50 mai f/1.8 zai ba ka 1/125, f/3.5 zai ba ka kusan 1/30, f/5.6 kuma kusan 1/15, domin haskensa kusan kashi ɗaya cikin goma ne. Hannu ba ya riƙe 1/15 a milimita 80. Ana so saurin ya kai aƙalla lambar objektif, wato 1/60 a 50, 1/125 a 105. Ga kyamarar hannu akwai ƙarin wahala: da'irar nan ta tsakiyar maleƙa, wato tagar da ake sa ido, mai raba hoto biyu, rabinta yana yin baƙi ƙirin da zarar ƙofa ta kai wajen 5.6, sai ka rasa abin saiti. Saboda haka mai kyamarar hannu ya tsaya a f/3.5 ko f/4 da ba ya canzawa, ko 3.5-4.5. Masu ƙarewa a 5.6 a bar wa kyamarori masu saita kansu.

Filas ma abin ya shafe shi. Nisan da yake kaiwa shi ne lambar ƙarfinsa a raba da lambar ƙofa. Ƙaramin filas na saman kyamara yawanci 12 ne a fim 100: a f/5.6 mita biyu da ɗan kai, da fim 400 ya ninka zuwa huɗu da ɗan kai. Wanda ya tsaya mita shida ya jawo da zum ya ɗauki ango da dare, duhu zai wanko. Sannan in da zobe kake saita ƙofa a zum mai lamba biyu, 8 ɗin da ka sa a faɗi ba 8 ba ne in ka jawo: a mai 3.5-4.5 ya zama kusan 10, a mai 3.5-5.6 kusan 13. Ma'aunin cikin kyamara yana gyara wannan da kansa. Filas na gefe mai idonsa daban, ko ma'aunin haske na waya, ba su san da shi ba. In ka jawo, ka ƙara buɗe rabin mataki zuwa ɗaya da rabi. Fim mai launi yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa, kuma baƙar fata cikin farar shadda ita ce ta fara ɓacewa in haske ya gaza.

Waɗanda suka cancanci a tsaya a duba

A EOS, EF 28-105 f/3.5-4.5 USM na 1992 shi ne na gaba: bakin ƙarfe, saiti mai sauri ba ƙara, yana ganin abu daga rabin mita, filtarsa 58. Kar a rikita shi da 28-105 f/4-5.6 mai bakin roba, ba ajinsu ɗaya ba. EF 28-70 f/3.5-4.5 II tsoho ne mai ƙara, amma gilashinsa na da kyau. Su 35-80, 28-80 da 28-90 masu ƙarewa a 5.6 na rana ne, a saye su in kuɗin kaɗan ne ƙwarai. Tsofaffin Sigma na bakin EF kuwa sai an gwada: wasu suna ɗauka in ƙofa a buɗe take, da an rufe ta sai kyamara ta tsaya cak, domin na'urar cikinsu ba ta jin yaren EOS na baya-baya. A FD, 35-105 f/3.5 ya yi suna, sai dai nauyi da filta 72. FD 35-70 f/4 yana da sauƙi, amma ƙananan robobin da gilashinsa ke gudu a kai suna cinyewa, a girgiza shi a ji.

A Nikon, AF 28-105 f/3.5-4.5D da AF 28-70 f/3.5-4.5D suna da zoben ƙofa, suna hawa tsoho da sabo. AF 35-70 f/3.3-4.5 ƙarami ne mai filta 52. AF 35-70 f/2.8 na ƙwararru ne, amma an san shi da yin yana a ciki, kar a saya ba tocila. Shi kuwa 43-86 na 1963, na farkonsa ya yi ƙaurin suna wajen laushi da wanke hoto.

Mai Minolta ta hannu ya ci sa'a: MD 35-70 f/3.5 yana cikin mafi kyau a wannan aji, har Leica ta sayar da irin ƙirarsa da sunanta. A bakin A, 35-70 f/4 na 1985 ɗan ƙarami ne mai kaifi, illarsa sai abu ya kai mita ɗaya. A Pentax akwai A 35-70 f/4, A 35-105 f/3.5, da F 35-70 f/3.5-4.5. A Olympus, Zuiko 35-70 f/3.6. Tamron SP 35-80 f/2.8-3.8 na jerin Adaptall-2 yana da baki mai cirewa, ana canza masa zuwa kusan kowace kyamarar hannu, amma ka tabbata bakin naka yana jikinsa, don nemansa daban aiki ne.

Duk da wannan jerin, lafiyayyen objektif marar suna ya fi mai suna da ya yi yana. Waɗannan kaya shekarunsu ashirin zuwa arba'in da wani abu, inda suka kwana ya fi wanda ya ƙera su muhimmanci.

Dubawa a hannu

Ka nemi izinin mai kaya ka koma gefe inda ba rana. Cire murfi gaba da baya, in da filta a cire ta. Buɗe ƙofa duka, ka haska tocilar waya daga baya a karkace, ka leƙa ta gaba, ba kai tsaye cikin hasken ba. Sai ka juya ka haska ta gaba. Ka yi haka a faɗi, ka sake a jawo, domin gilasan ciki suna matsawa.

Ƙura za ka gani, dole. Ƴan ɗigo nan da can ba sa fitowa a hoto, kar su hana ka ciniki, sai dai su taimake ka wajen neman ragi. Abin gudu uku ne. Na farko fumfuna: zare-zare fari kamar saƙar gizo ko saiwar ciyawa, yawanci daga gefe take farawa. Ƙasarmu busasshiya ce, amma kayan ba a nan suka tsufa ba. Wanda ya yi shekaru a Duwala, Legas ko Kwatano ya sha danshi. In ta daɗe tana cin fatar gilashin, ko an goge tabon na nan. Na biyu yana: gilashi ya yi fari-fari kamar idon tsoho, hasken tocila ya bazu a kansa. Tururin giris ne da zafi ya dafa ya kwanta a gilashi, ko mannen da ya haɗa gilasai biyu ya lalace. Hoton irin wannan kullum kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu, baƙi ba ya yin baƙi. Na uku sakin manne: launin bakan gizo ko kumfa-kumfa a gefen gilashi. Wannan ba mai gyara maka shi a nan. Ƙarzuwa a gilashin gaba, in ƴar siririya ce, da sauƙi. A gilashin baya kuwa ko kaɗan ce a bar shi.

Sai ganyayen ƙofa. Murɗa zobe zuwa 16 ko 22, ka ture ɗan sandan da ke baya da farce ka saki. Ya kamata su rufe farat ɗaya, da ɗan sauti ƙas. In suna tafiya a hankali kamar mai jin barci, ko ka ga sheƙin mai a kansu, giris ya narke ya gangaro. Wannan ita ce cutar ƙasar zafi: watan Maris zuwa Mayu, zafin Garwa da Kusiri yana haura digiri 40, balle cikin shago mai rufin kwano. Illar ita ce labulen da ke gaban fim zai buɗe kafin ƙofa ta gama rufewa, hoton rana ya ƙone fari fat, alhali ma'auni ya nuna daidai. FD da EF ba sa motsa ganyensu in ba a jikin kyamara ba. Su sai ka ɗaura, ka buɗe bayan kyamara ba fim, ka sa sauri a B, inda labule ke tsayawa a buɗe muddin kana danne, ƙofa a 16, ka danna kana leƙe ta baya. Ka yi sau biyar ko shida, ramin ya riƙa fitowa girma ɗaya kowane karo.

Murɗa zum da zoben saiti daga farko zuwa ƙarshe. Santsi ake so, da ɗan nauyi iri ɗaya. Ƙaras-ƙaras yashi ne a ciki. Wurin da ya cije sannan ya saki alamar faɗuwa ce, haka ma lotsewar bakin da ake ɗaura filta. Wanda ya faɗi, gilashinsa na iya karkacewa, gefe ɗaya na hoto ya yi kaifi ɗayan ya yi dishi-dishi. Kama gaban ka jijjiga shi a hankali, kar ya yi lako-lako. Irin wanda ake turawa gaba a ja baya, ka kifa shi ƙasa ka ga ko zai zame da kansa. Irin wannan kuma famfo ne, duk turawa iska yake zuƙa da ƙurarta, don haka a ƙasar buji na murɗawa ya fi. Duba kan sukurori: in sun cinye, an taɓa buɗe shi, kuma zum da aka buɗe ba da sani ba da wuya ya koma daidai. Robar jiki da ta yi danƙo ba komai, ana goge ta da sifirit. Bakin roba kuma a duba haƙoransa uku, kar a sami wanda ya gutsure.

Daga nan ka ɗaura ka fita waje. Saita hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen waya mai nisa, a faɗi da a jawo. Dole ya kai kaifi a alamar nesa ko dab da ita. In mai saita kansa ne, ka sa shi ya je kusa ya dawo nesa sau da yawa, ka saurara ko yana gurnani ko kai-komo ba tsayawa.

Fim ɗaya na gwaji

In mai kaya sananne ne, ku yi magana tun kafin biya: "Alhaji, zan gwada shi da fim ɗaya, in da matsala zan dawo da shi." Fim da wanki suna da tsada yanzu, amma asarar fim ɗaya ta fi asarar hoton bikin mutane sauƙi.

Manna shafin jarida biyar a bango cikin inuwa, ɗaya a tsakiya huɗu a kusurwoyi. Ɗora kyamara a ƙafa uku ko kan tebur, tana fuskantar bangon sosai. Ɗauki uku a faɗi, uku a 50, uku a jawo: ƙofa a buɗe duka, sai 8, sai 16. Laushin kusurwa in ƙofa na buɗe halin zum ne. Laushin gefe ɗaya kaɗai shi ne ciwo. Sannan ka ɗauki abu ɗaya sau huɗu, kana rufe ƙofa mataki ɗaya kana rage sauri mataki ɗaya, misali 5.6 da 1/500, 8 da 1/250, 11 da 1/125, 16 da 1/60. Kilishe huɗun, wato hotunan da ke jikin fim ɗin da aka wanke, ya kamata su fito da duhu iri ɗaya. In suna ƙara baƙi yayin da lamba ke hawa, ganye na da nawa. Ƙara biyu da rana a gefen hoto don ganin yadda haske ke wanke shi, biyu kuma da filas. Rubuta kowane a takarda. Kilishen za ka duba, ba takardar hoto ba, don injin wanki yana gyara haske da kansa ya ɓoye laifin. In kana da objektif na 50, ka juya shi ka leƙa ta ciki, madubin ƙara girma ne mai kyau.

Wanda zai saya daga Yawunde, Duwala ko Kano ta WhatsApp ko Facebook, kar ya yi cinikin biri a sama. A turo hoton bakin baya, hoton rubutun gaba duka, da bidiyon tocila ta cikin gilashi da na ganye suna rufewa. Kalmar "yana aiki lafiya" daga mai sayar da wayoyi da kwamfuta ba ta nufin ya duba ko ɗaya daga cikin waɗannan. In za a saka shi a mota, a naɗe shi da murafunsa biyu cikin tsumma mai kauri a kwali, hanyar Ngawundare zuwa arewa ba ta tausayin gilashi.

In ya zama naka, ka sa masa filtar UV daidai bakinsa (lambar tana gaba ko cikin murfi: 49, 52, 55, 58, 62) da hular kare rana da aka yi don faɗinsa, domin hular 50 a kan 28 tana duhunta kusurwa. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, kar a goge ta da bakin riga. A fara hure ta da famfon roba, a bi da burushi mai taushi, sannan ƙyalle. Kar a ɗiga masa man keke ko na inji don zobe ya yi tauri, gangarawa zai yi kan ganye. Kar a bar shi cikin mota ko akwatin babur da rana. Da damina, musamman a Ngawundare inda ruwa ke daɗewa, a fitar da shi daga jakar fata a sa cikin roba mai murfi tare da ƴan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa shanya su a rana mai ƙarfi ko a ɗumama su kaɗan duk bayan mako biyu ko uku.